Soson da Ba a Wanke Shi Tas

Akwati ne na gilashi, tsawonsa santimita 60, faɗinsa 30, zurfinsa 30. In aka cika shi yana cin lita 54 na ruwa, bai kai jarka uku ba. A ƙasansa an shimfiɗa ƙananan tsakuwa, kaurin yatsu uku. An dasa ciyawar ruwa mai dogayen ganye daga baya, an ɗaure wani tsiro mai faffaɗan ganye a jikin guntun itace, a sama kuma kainuwa biyu ko uku na yawo da saiwoyinsu a sake. Kifayen ba su wuce goma ba, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Fitila na bisa, wani ɗan inji na kusurwa yana zuƙar ruwa yana mayarwa dare da rana.

Baƙo in ya shigo falo kifin yake fara kallo, sannan ya yaba hasken ruwan. Ba mai tambayar abin da ke cikin ɗan injin nan. In aka buɗe shi, soso ne kawai a ciki, ya rine ya koma ruwan ƙasa, yana santsi, yana ɗan warin laka. Mai son tsabta in ya gan shi sai ya ji hannunsa na ƙaiƙayi. Alhali duk ran da ke cikin akwatin a kan wannan soson ya rataya.

Kifin kogi bai san inda ƙazantarsa ke zuwa ba, ruwa ya wuce da ita. Na akwati kuwa a cikin abin da ya fitar yake kwana, a ciki yake numfashi. Kashin da ake gani ma shi ne ƙaramin abu. Babban shi ne wani sinadari da ake kira amoniya, wanda ke fita ta jan naman nan na gefen kansa da yake numfashi da shi. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin kajin da aka daɗe ba a share ba, wari ya soki hancinsa har idonsa ya kawo ruwa, ya san amoniya. A cikin ruwa ba ta da launi ko kaɗan. 'Yar kaɗan ta isa ta ƙone wa kifi wurin numfashi, kuma dafinta na ƙaruwa in ruwa ya yi ɗumi. Ragowar abinci da ruɓaɓɓen ganye su ma amoniya suke komawa. To a wurin da ba mafita, ina take tafiya?

A shekarar 1850 wani masanin sinadarai a Landan, Robert Warington, ya ba 'yan uwansa masana labarin wani gwaji da ya yi. Ya sa jajayen kifi biyu a cikin mazubin gilashi mai cin kusan galan 12, ya dasa musu wata ciyawar ruwa da ake kira Vallisneria. Lissafinsa shi ne tsiro zai fitar da iskar da kifi ke shaƙa, kifi ya fitar da wadda tsiro ke buƙata. Abin ya tafi daidai har sai da tsofaffin ganye suka fara ruɓewa, ruwa ya gurɓace, gansakuka ta mamaye. Sai ya kawo 'yan dodon koɗi na kududdufi ya zuba, suka cinye ruɓar, ruwa ya washe. Shekara uku bayan haka gidan namun daji na Landan ya buɗe zauren kifi na gilashi, jama'ar Ingila suka ɗauki abin da zafi, masu hali suka shiga ajiye akwatin kifi a falo.

Warington ya ga ma'aikata uku: kifi, tsiro, dodon koɗi. Akwai na huɗu da bai gani ba, kuma ɗansa ne, wanda shi ma sunansa Robert Warington, ya bi sawunsu. Ɗan ya shafe shekaru a gonar gwaji ta Rothamsted yana nazarin yadda amoniya ke sauyawa a cikin ƙasar noma, ya nuna cewa aikin wasu halittu ne masu rai, kuma mataki biyu ne. Wajen 1890 wani masani haifaffen Kiyef, Sergei Winogradsky, yana aiki a Zurich, ya iya ware waɗannan ƙwayoyin bakteriya ya raine su su kaɗai. Su ne ke cikin ƙasar gona, su ne ke cikin lakar tafki, su ne kuma ke maƙale a jikin soson nan.

Ƙungiya biyu ce. Ta farko tana cin amoniya ta mayar da ita wani abu da ake kira naitirayit. Wannan ma dafi ne, sai dai hanyarsa dabam: yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iska, har jinin ya yi duhu, a ga kifi ya taso sama yana haki alhali ruwan cike yake da iska. Ƙungiya ta biyu ita ke karɓar naitirayit ta mayar da shi naitiret, wanda dafinsa ya ragu ƙwarai, kuma shi ne abincin tsiro, irin wanda ke cikin takin zamani. Ikon Allah, abin da ke kashe wannan shi ke rayar da wancan, kuma ba ƙungiyar da ke iya kammala aikin ita kaɗai a yadda aka saba ganinsu.

Ba wanda ke dasa su. Da kansu suke zuwa, a jikin saiwar tsiro, a jikin tsakuwa, su manne wa duk wurin da ruwa ke ratsawa ɗauke da iska. Soso ya fi musu daɗi saboda yawan ƙofofinsa. Amma suna da nawa. Wasu ƙwayoyin cuta kan ninka yawansu cikin minti ashirin, waɗannan kuwa suna iya shafe kusan yini kafin ɗaya ta zama biyu. Ƙungiya ta biyu kuma ba ta fara yawaita sai ta farko ta samar mata abin ci. Shi ya sa sabon akwati ke buƙatar mako huɗu zuwa shida kafin ya iya ɗaukar kifi yadda ya kamata. Tsadar gilashi ba ta rage wannan jiran.

Mai ɗoki yakan sayi akwati da kifi rana ɗaya. Makon farko komai lafiya, yara na murna. A mako na biyu sai a wayi gari ɗaya ya juya ciki sama, washegari biyu. Ya duba ruwa ya gan shi garau, sai ya ce mai sayarwa ne ya ba shi marasa lafiya. Abin da zai ƙara ɗaure masa kai shi ne, wani lokaci sabon ruwa yakan yi fari-fari kamar hazo na 'yan kwanaki, kuma wannan hazon da wuya ya cuci kifi, da kansa yake washewa. Ruwan da ya ba shi tsoro ba shi da laifi, wanda ya kwantar masa da hankali shi ya yi kisan.

Wanda ya tsallake wannan ramin akwai na biyu a gabansa. Wata uku, wata huɗu, akwati ya zauna, tsiro ya yi kore shar. Ran nan ya buɗe injin ya ga yadda soso ya koma, ya kai shi bakin famfo ya cuɗa har ya dawo fari, wani ma har da sabulu. Ruwan famfo na gari akwai kulorin a ciki, wanda aka zuba musamman don ya kashe ƙwayoyin bakteriya, kuma bai san na kirki da na banza ba. Cikin minti biyar aikin mako shida ya tafi. Masu kiwon da suka daɗe a harkar ba haka suke yi ba. Sukan ɗebi ruwan akwatin a bokiti, su tsoma soson su matse shi a hankali sau biyu ko uku, laka mai kauri ta fita, su mayar da shi da launinsa na ƙasa.

Babban gida ma wuri ne rufaffe. Mutanen cikinsa ba su da kogin da zai wuce da abin da suka fitar. Maganar da aka faɗa da safe tana nan a tsakar gida har dare, kowa na shaƙarta. Kuma ba gidan da ba a fitar da dafi, domin fushi da kishi da gajiya suna cikin halittar ɗan Adam. Duk da haka akwai gidajen da mutum talatin ke zaune shekara da shekaru ba a taɓa jin kansu ba. In aka tambayi maƙwabta sai su yaba maigida, ko su ce gidan na da albarka. Sai wanda ya zauna a ciki yake gane ta inda maganganu ke bi.

Yaya ya fusata da ƙaninsa a kan kuɗin gona. Bai tare shi ba, ɗakin Gwaggo ya faɗa ya zazzage: “Gwaggo, ki ja wa yaron nan kunne. In ya sake taɓa min kaya, wallahi sai dai a raba gidan nan.” Gwaggo ta bar shi ya kai aya, sannan ta ce, “Na ji, ɗan nan. Zauna ka sha ruwa.” A nan maganar ta sauya kama, amma har yanzu tana iya ɓarna, don haka Gwaggo ba ta kai ta wurin ƙanin ba. Da la'asar ta leƙa ɗakin Inna, uwar yaran, suka yi ƙus-ƙus. Bayan isha'i Inna ta kira ƙaramin: “Auta, yayanka na cikin matsi bana. In za ka ɗauki abu ka riƙa gaya masa tukuna, girmansa ne.” Abin da ya tashi a matsayin barazanar raba gida ya sauka a matsayin nasiha, har yaron ya ƙaru da ita. Da Gwaggo ce kaɗai, da maganar ta isa da sauran zafinta. Da Inna ce kaɗai, da Yaya bai ma iya buɗe baki a gabanta ba, saboda kunyar ɗan fari.

Aikin irin waɗannan mutane ba shi da suna. In ana lissafin masu kawo abinci gida ba a sa su. Gwaggo ba ta noma, ba ta kasuwa, abin da ake gani kawai zamanta a kan tabarma da carbi da goro. A ofis kuwa tsohon masinja ne da kowa ke tsayawa wurinsa kafin ya shiga wurin shugaba, ko akawun da ya san wane da wane ba a haɗa su tafiya ɗaya. Sabon shugaba ya zo da zafinsa, ya duba takarda, ya ce, “Wannan me yake yi mana a nan?” Ba amsar da za ta shiga takarda. Aka sallami dattijo, aka yi fenti, aka kawo sababbin kujeru. Wata guda komai fes. A wata na uku takardun ƙorafi sun fara tashi, mutum biyu ba sa ga maciji da juna, na uku ya nemi canjin wurin aiki. Ba kuma wanda zai danganta wannan da wanda aka sallama, domin tsakanin wankin soso da mutuwar kifi akwai kwanaki, kuma ruwan garau yake a duk tsawonsu.

Kada a ɗauka duk abin da ya tsufa ya yi datti alheri ne. Soson da aka yi watanni ba a taɓa ba yakan toshe, ruwa ya daina ratsa shi, ma'aikatan ciki su rasa iska su mutu a cikin lakarsu. Mai sassauta magana ma yakan wuce gona da iri, ya riƙa haɗiye har gaskiyar da ya kamata ta isa kunnen maigida da ɗacinta. Ana taɓa soso. Abin dubawa shi ne da wane ruwa, da kuma wane irin ƙarfin hannu.

Saura naitiret. A ƙaramin akwati irin wannan ba ƙungiya ta uku da za ta kawar da shi, sai dai ya taru. Tsirrai na shan wani kaso, kuma mai saurin girma ya fi sha. A nan kainuwa ta yi fice, don ganyenta na waje yana samun haske da iska yadda ya ga dama, saiwarta kuma na cikin ruwa tana zuƙa. An ce kainuwa dashen Allah, kuma a akwati ma haka take, ba ta neman izini kafin ta yaɗu. In aka ƙyale ta sai ta rufe saman ruwa ta hana na ƙasa haske. Duk mako sai an kwashi tafi guda an fitar, kuma wannan tafin shi ne naitiret ɗin yake barin gida a siffar ganye. Tsiron akwati da aka cire, musamman baƙo, juji ake kai shi ya bushe, ba rafi ba. Ciyawar nan mai shuɗin fure da ta toshe hanyoyin ruwan Legas tun shekarun 1980 asalinta Kudancin Amurka ne, kuma don ado aka fara yawo da ita a duniya.

Abin da tsiro bai sha ba, bokiti ke ɗauka. Sau ɗaya a mako a sa siririn tiyo a zuƙe kwatan ruwan, ana bi ta kan tsakuwa don a kwashe abin da ya kwanta, sannan a mayar da sabo wanda aka kashe wa kulorin, wanda kuma ɗuminsa ya yi daidai da na ciki. Ruwan da aka fitar shuka na sonsa. Da hunturu, in iska ta bushe, akwati kan ragu da kansa, sai mai shi ya riƙa cikawa yana ganin ya yi canjin ruwa. Bai yi ba. Ruwa zalla ne ke tashi sama, duk abin da ya narke a cikinsa yana nan, ana ta ƙari ba a ɗebe komai ba.

Akwatin da aka yi wa haka shekara guda yana da wani hali mai ban mamaki. Naitiret ya hau a hankali, ruwa ya yi tsami a hankali, kifayen ciki sun saba a hankali. Ba su mutu ba. Sun dai daina girma, launinsu ya dushe, mai su kuma da yake kullum yana ganinsu bai lura ba. Sai ranar da aka kawo sabon kifi mai ƙoshin lafiya aka saka, kwana biyu ya mutu, a ce ai shi ne rago. Gidaje nawa ne amarya ta shiga ta kasa numfashi, aka ce ba ta da haƙuri? Mutanen gidan ba ƙarya suke yi ba in suka ce su ba su ga komai ba. Habaicin da ke tashi tun asuba, da gabar da aka gada daga rabon gado, da shirun da ake yi in wane ya shigo, duk sun zama ruwan da suke ciki. Gwaggo ta rage dafin, amma ragewa ta yi, kuma abin da ya rage yana taruwa, har a ƙirjinta. Zaman sulhun da ake yi kafin azumi, da “a yafe mini” da ake faɗa da gaske, su ne bokitin. Maganin tsohon akwati kuma ba a yinsa rana ɗaya. In aka zubar da ruwan duka aka zuba sabo, tsofaffin kifayen da suka jure shekara cikin tsami su za su fara faɗuwa. Kaɗan-kaɗan ake yi, kashi ɗaya cikin goma yau, wani bayan kwana biyu, har ruwan ya dawo.

In aka bi diddigi, son da ya yi yawa ya fi sakaci kashe kifi. Abincin da ya dace shi ne wanda za su cinye cikin minti biyu, amma kifi kullum a shirye yake ya nuna yunwa, kuma kowane yaro a gidan na son ya zuba nasa. Fitila awa shida zuwa takwas ta isa, wanda ya bar ta har tsakar dare don tsiro ya yi sauri gansakuka zai girba. Gansakuka ba ta ƙarya: in ta yi yawa, to haske ko abinci ya fi abin da tsirrai ke iya sha. Goge gilashi ba ya hana ta dawowa.

Tsiron nan mai faffaɗan ganye da aka ɗaure a itace ya ƙara fito da illar son da ya yi yawa fili. Anubias barteri sunansa, kuma ɗan yankinmu ne, yana fitowa a bakin rafukan daji na kudu maso gabashin Nijeriya da Kamaru, yau kuma ana sayar da shi daga Jamus har Japan. An sa masa sunan Charles Barter, mai tattara tsirrai da ya bi tawagar wani mai suna Baikie ta kogin Kwara a 1857, ya rasu a Rabba ta ƙasar Nufe a 1859. Tsiro ne mai juriya, ba ya son haske da yawa, ganye ɗaya yake fitarwa a 'yan makonni. Yana da wani kakkauran kara kore da ke kwance, daga jikinsa ganye da saiwa ke fita. Wanda bai sani ba yakan tausaya masa ya binne karan a cikin tsakuwa don ya zauna da kyau, sai ya ruɓe. Zare kawai yake so, a ɗaure shi sako-sako a jikin dutse ko itace, da kansa zai kama.

A ƙasashenmu akwai wata jarrabawar da littattafan Turai ba su cika damuwa da ita ba. A watan Afrilu zafi a Sakkwato ko Maraɗi kan haura digiri 40, ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Da dare tsirrai ma shaƙa suke yi maimakon fitarwa, don haka gab da asuba ne iska ta fi ƙaranci. In aka ɗauke wuta a irin wannan dare, injin ya tsaya, ruwan da ke kulle a cikinsa iskarsa na ƙarewa cikin 'yan awoyi. Hankalin mai gida na kan kifi, amma na cikin soso ma suna shaƙewa. Abin yi shi ne a buɗe injin a fito da soson a sa shi cikin akwatin, a riƙa ɗiban ruwa da kofi ana kwararawa daga sama lokaci-lokaci, a kuma dakatar da abinci. Lafiyayyen kifi na iya kwana uku bai ci ba, ba abin da zai same shi.

Wanda kuma ya riga ya wanke nasa tas, ko ɗaukewar wuta ta kashe masa, yana da hanyar rage jira. Ya je wurin wanda akwatinsa ya shekara lafiya ya roƙi guntun tsohon soso, a cusa shi kusa da sabon. Mako shida kan ragu zuwa ɗaya ko biyu. Sai dai a tabbata ba cuta a akwatin mai bayarwa, kada a yankar masa fiye da kashi ɗaya cikin uku, kuma a ɗauko guntun a cikin leda da ruwansa, domin in ya bushe a hanya soso kawai aka kawo.